Kafin a fara haƙar ma'adinai a garinku: yadda za ku riƙa auna ruwa da yanayi da kanku

Jama'a duk garin da kuka ga an fara zuwa da motoci ana kafa turaku a daji ana ɗibar ƙasa da duwatsu a buhu, ko an zo wajen mai gari da takarda daga Abuja ana maganar lasisi, toh ku sani lokacin da za ku fara auna ruwanku ya yi, ba sai katafila ta sauka ba. Dalili kuwa shine ranar da rijiya ta ƙafe ko rafi ya koma ja kuka je ƙorafi, tambayar farko da za a muku ita ce, da yaya yake? In amsarku ita ce "wallahi da ba haka yake ba" shikenan an gama da ku, za a ce ƙarancin damina ne ko canjin yanayi ne ko kuma dama can haka yake, kuma ba ku da abun nunawa. Amma in kuka ajiye littafi a gabansu mai ɗauke da awon shekara ɗaya ko biyu kafin a fara aiki, magana ta canza.

Mu a jihar Bauchi wannan ba baƙon abu bane. Yankin Toro tun zamanin Turawa ake haƙar kuza, ga Ningi, ga farar ƙasa a Alkaleri, maƙotanmu na Gombe ga kwal a Maiganga cikin ƙaramar hukumar Akko. Kuma manyan kogunanmu biyu, Gongola da Jama'are, duk daga tsaunukan Jos suke gangarowa su ratsa ta wuraren da ake haƙar, Gongola ya wuce dam ɗin Dadin Kowa ya je ya haɗu da Binuwai a Numan, Jama'are kuma ya nufi fadamun Haɗejia da Nguru. Kaga abun da aka wanke a ƙaramin rafi a Toro ba a Toro zai tsaya ba.

Abu na farko ba kayan awo bane, mutane ne. A samu mutum huɗu ko biyar da sanin mai unguwa da dagaci, in da hali har hakimi ya sani. A sa malamin makaranta ko ma'aikacin asibitin garin saboda rubutu da lissafi, a sa manomin rani ɗaya, a sa wani daga wajen Arɗo tunda su suka san mashaya da lokacin da kowace take ƙafewa, kuma dan Allah a sa mace, don matan da ke ɗibar ruwa kullum su ke fara jin guga ya ƙara nisa tun kafin maza su farga. A sayi littafi mai bango mai kauri a sa wa shafukan lamba, a rubuta da biro, in an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai a rubuta daidai a gefe, kar a goge kar a yage shafi. Littafin da aka yayyage ba wanda zai yarda da shi.

Sai zaɓen wuraren awo. Ku zagaya da ƙafa ku gano ina ruwan da ya sauka a filin da za a haƙa yake bi. Kuna buƙatar aƙalla wuri biyu a rafi ɗaya, ɗaya a sama da filin inda aikin ba zai taɓa shi ba, ɗaya a ƙasa da filin. Wannan na saman mutane suna raina shi amma shine mai ba ku gaskiya, don in na ƙasa ya lalace na sama yana nan lafiya lau, ba wanda zai ce muku damina ce ta jawo. Ku ƙara da rijiyoyi uku zuwa biyar, wata kusa da filin wata tsaka-tsaki wata can nesa, da idon ruwa ko marmaro in akwai, da mashayar dabbobi. Kowane wuri a ba shi suna da lamba, a ɗauki hotonsa, a buɗe taswirar waya a kwafe lambobin GPS, wato lambobin da ke nuna daidai inda wurin yake, a shafin farko na littafin. Da zarar an zaɓa an zaɓa kenan, ba a canzawa don wani ya ga can ya fi kusa da gida.

Awon ruwan sama

Wannan shine mafi sauƙi kuma shine aka fi sakaci da shi. Ana sayar da ma'aunin ruwan sama na roba a shagunan kayan gwaje-gwaje na makarantu, in an samu ya fi. In ba a samu ba a nemi gwangwani wanda jikinsa yake a miƙe sak daga baki har gindi, gindin kuma a shafe, tsawonsa ya kai kamar santimita 20. Bokiti ba zai yi ba tunda bakinsa ya fi gindinsa faɗi, zai ba ku lamba sama da gaskiya. A kafa turke a fili a ɗaure gwangwanin a kai bakinsa a daidaice kar ya karkace, a yi nesa da bishiya da katanga da indararo, nisan ya kai aƙalla ninki biyu na tsayin abun da ke kusa, wato in bishiyar mita 5 ce a matsa mita 10. A kewaye da ƙaya ko waya saboda awaki da yara.

Kullum da safe lokaci ɗaya, misali ƙarfe 7, a tsoma rula tsaye a karanta a milimita, a rubuta, a zubar. Ku lura yawancin rula akwai ɗan fili kafin sifili, a yanke shi ko a riƙa ƙara shi a lissafi. In kuna son awo mai kyau musamman na yayyafi, ku juye ruwan ku auna da sirinji ko fidar jarirai mai lamba. Gwangwanin da faɗin bakinsa santimita 20 ne, duk mililita 31 daidai yake da milimita 1 na ruwan sama. Milimita 1 kuwa na nufin lita ɗaya ta sauka a kan kowane fili mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, toh in aka yi milimita 50 a dare ɗaya, kadada guda wato hekta ta sha lita 500,000 kenan, ku yi tunanin wannan ruwan ya sauka a kan tulin ƙasar da aka tono aka jibge a bakin rafi.

Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta 0. Kar a bar gurbi, don gurbi yana nufin ba a duba ba, sifili kuma yana nufin an duba babu. Garin Bauchi da kewaye yakan samu wajen milimita 1,000 a shekara, kudancin jihar ya fi haka, arewa wajen Katagum bai kai ba, Agusta ne kan gaba. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa NiMet tana da tashoshin awo, yawanci a filayen jirgi, kuma tana fitar da hasashen damina duk farkon shekara, ku riƙa bi, amma kun san halin ruwanmu, sai a yi kamar da bakin ƙwarya a wannan ƙauyen na gaba kuma ko ɗigo, saboda haka awon filin jirgi ba zai tsaya a madadin na garinku ba.

Iska ma a rubuta ta. A ɗaura ƙyalle a saman dogon gora a fili, safe da yamma a rubuta daga ina take busowa, da ƙarfi ko a hankali. Da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, da damina daga kudu maso yamma, hadari kuma galibi daga gabas yake tasowa. Amfanin wannan shine ƙura, in injin niƙan dutse zai zauna a arewa maso gabas da gari toh duk hunturu a kanku zai juye. A samu farin faranti ko tayil a shafa masa ɗan basilin a ɗora a kan rufin makaranta, duk mako a ɗauki hoto a goge a sake shafawa. In akwai ma'aunin zafi a rataye shi a inuwa inda iska ke wucewa, ba a jikin kwano ba, a karanta da asuba da kuma wajen ƙarfe 2 na rana.

Rafi, nan ne aikin yake

Abu biyu ake aunawa, tsayin ruwa da kuma yawan da ke wucewa. Na tsayi, in akwai gada ko kwalbati a yi amfani da ginshiƙinta, a zana layi da fenti duk santimita 10, ja da fari, a sa lambobi manya yadda za a karanta daga gaɓa ba sai an shiga ba. In babu, tun da rani a kafa ƙarfe a zuba masa kankare a gefen da ruwa baya bugu sosai. Sannan a yi wata alama a jikin dutse ko babbar bishiya a saman gaɓa a rubuta tazarar da ke tsakaninta da sifilin ƙarfen, don in ambaliya ta tafi da shi a mayar daidai inda yake. Da damina a karanta kullum, in an yi babban ruwa a koma a duba inda shara da kumfa suka maƙale a jikin ciyawa, nan ne iyakar inda ya kai cikin dare.

Yawan ruwan kuma ga yadda ake yi. A nemi wurin da rafin ya miƙe ba kwana ba tafki ba duwatsu da yawa, a auna mita 10 a kafa turke a farko da ƙarshe. A ja igiya a tsallaka rafin a auna faɗinsa, sai a bi igiyar a auna zurfi a wuri biyar masu tazara ɗaya, a tara a raba biyar. Faɗi sau wannan zurfin shine girman bakin ruwan. Sai a jefa lemo ko robar ruwa da aka cika rabi a tsakiya, a ɗan sama da turken farko don ta ɗauki gudu, mutum ɗaya ya danna agogon waya in ta wuce turken farko ya tsayar in ta kai na biyu. A yi sau uku a ɗauki tsaka-tsaki, wanda ya maƙale a ciyawa ba a lissafa shi. Kar a yi da kara ko leda, iska ce za ta tura su ba ruwa ba.

Bari mu buga misali. Faɗi mita 4, zurfi ya tashi santimita 30 wato 0.3, kaga 4 sau 0.3 ya ba da 1.2. Lemo ya ci mita 10 a daƙiƙa 20, wato rabin mita duk daƙiƙa, 0.5. Amma ruwan da ke sama ya fi na ƙasa gudu saboda yashi da duwatsu suna riƙe na ƙasan, don haka ake ninkawa da 0.8, ya koma 0.4. Sai 1.2 sau 0.4, ya ba da 0.48, a ninka da 1,000 ya zama lita 480 duk daƙiƙa ɗaya, kusan duro biyu da rabi kenan. A yi wannan sau ɗaya a mako a wurin sama da na ƙasa a rana ɗaya, kuma kowane lokaci a rubuta lambar da ƙarfen tsayi yake nunawa a gefe. Bayan damina ɗaya za ku ga kun haɗa jadawali da kanku, in ƙarfe ya nuna 40 kun san kusan lita nawa ke wucewa ko ba ku jefa lemo ba. Sai dai rafin yashi yana canza gindi bayan kowace babbar ambaliya, don haka a riƙa sake auna zurfin, kar a dogara da na bara.

Marmaro ko ƙaramar ƙorama ba sai an sha wannan wahalar ba, a tare da ƙasa a sa guntun bututu ruwan ya bi ta ciki, a tara jarka mai lita 20 a duba agogo. Ta cika a daƙiƙa 40, rabin lita kenan duk daƙiƙa.

Yawancin rafukanmu suna tsayawa da rani, wasu sai su ce toh me za a auna. Akwai, kuma a wajena ma ya fi na daminar muhimmanci. A rubuta ranar da ruwa ya daina gudu da ranar da ya dawo. Sannan duk mako biyu a tona yashi a wuri ɗaya a auna zurfin da aka tarar da ruwa, tunda wannan ruwan na cikin yashi shi masu lambu da makiyaya ke rayuwa a kai daga Janairu har saukar damina, kuma shi masu wankin kuza da zinare ke sa wa injin ban ruwa.

Maganar tsaro ba wasa, ruwan da ya wuce gwiwa ba a shiga, a karanta ƙarfe daga gaɓa kawai. Rafin da ya fito daga duwatsu yana iya cikowa farat ɗaya alhali a garinku rana ake, don can sama aka yi ruwan. Kar a aiki yara, kar mutum ya je shi kaɗai, kuma kar a tsallaka shingen kamfani a ce za a yi awo, a tsaya a inda kowa ke da ikon zuwa.

Rijiyoyi

In ramin haƙa ya yi zurfi ya tarar da ruwa dole sai an riƙa zuƙe shi ana zubarwa kafin a yi aiki, wannan zuƙar ita ke jan ruwan ƙarƙashin ƙasa na kewaye ya gangara wajen ramin, rijiyoyin kusa su fara sauka. A ƙasar duwatsu irin ta Toro da Dass da Bauchi ruwan yana zaune ne a ruɓaɓɓen dutsen sama da cikin tsagogi, shi ya sa wata rijiyar za ta ƙafe ta kusa da ita kuma ba abun da ya same ta, ya danganta da tsagar da kowacce ta hau. Wajen Alkaleri da Darazo da Dukku kuwa dama ruwan yana da nisa sosai. Saboda haka rijiya ɗaya ba ta isa hujja.

A yi alama da fenti a bakin rijiya, kullum daga nan ake aunawa. A ɗaura ƙaramin murfin kwalba na ƙarfe ko kwaɗon ƙofa a bakin igiyar da ba ta miƙewa, a zura a hankali har a ji ya taɓa ruwa, a riƙe igiyar daidai alamar a jawo a auna da tef. Lokacin yi shine da asuba kafin a fara ja, in an yi da hantsi bayan an ɗebi jarka hamsin lambar ba ta da amfani. Sau ɗaya a mako ya isa. Burtsatse mai famfon hannu ba a buɗe shi, a ƙirga bugu nawa ke cika jarka a rubuta.

Lafiyar ruwan

Duk ranar awo a cika farar kwalba a ɗora ta a gaban farar takarda da aka rubuta wuri da kwanan wata a ɗauki hoto, a bar ta ta kwana a auna kaurin lakar da ta kwanta. A rubuta launi da wari, da ko an ga matattun kifi ko kwaɗi, ko shanu sun ƙi sha. Akwai 'yar takardar gwajin tsami da ake kira pH da kuma wani ɗan abu kamar biro mai auna gishirin da ya narke a ruwa, TDS, duk ba su da tsada sosai. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya ce pH ya zauna tsakanin 6.5 da 8.5, TDS kar ya wuce miligiram 500 a lita. Amma ku ba wannan kaɗai za ku duba ba, in rijiyarku shekara guda tana nuna 120 sai ta koma 400, bata karya doka ba amma wani abu ya shigo. Inda ake haƙar kwal ko dutse mai ƙibiritu, in iska da ruwa suka taɓa shi yakan saki tsami, za ku ga pH yana sauka duwatsun rafi suna yin ja kamar tsatsa.

Abun tsoron shine dalma ba ta da launi ba ta da ɗanɗano, waɗannan ƙananan kayan ba sa ganinta. Kowa ya tuna gubar dalma a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Bagega, aka sake a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015, kuma can ɗin yawanci ta ƙurar dutsen zinare da ake dakawa a cikin gida ta shiga jikin yara. Don haka sau biyu a shekara, ƙarshen rani da tsakiyar damina, a kai ruwa ɗakin gwaji, a haɗa da ƙasar tsakar gida da lakar rafi. Ku fara tambaya a jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da ke Bauchi ko jami'ar jihar Gombe ko hukumar samar da ruwa da tsaftar muhalli a karkara RUWASSA, su faɗa muku irin kwalbar da suke so da yadda za a kawo, ku ce a duba dalma da sauran masu guba irinta, wato makuri da asanik da kadmiyom. Iyakar dalma a ruwan sha miligiram 0.01 ce a lita. Sabuwar kwalba, a ɗauraye ta sau uku da ruwan wurin, a cika, a rubuta wuri da rana da lokaci, a sa a kula da ƙanƙara, mutum biyu su sa hannu sun ga an ɗiba. Takardar sakamako a yi mata hoto a manna asalin a littafi.

Ƙarshen kowane wata a zauna a tara lissafi, mai unguwa ya sa hannu, a ɗauki hoton shafukan a tura wa mutum uku daban daban har da ɗan garin da ke zaune a birni. In ta WhatsApp ne a tura a matsayin fayil, don in an tura a hoto kawai yana goge bayanan rana da wurin da ke jikinsa.

Inda littafin zai yi muku aiki kuwa, dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta wa babban aikin haƙa ya yi wannan binciken kafin ya fara, kuma ana baje rahoton na kwanakin aiki 21 don jama'a su duba su yi magana, galibi har a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ku je ku buɗe babin ruwa ku gwada da naku, sau da yawa masu binciken zuwan 'yan kwanaki suke yi, in sun rubuta rafinku baya gudu da rani alhali littafinku ya nuna yana kaiwa Fabrairu, ku rubuta wa ma'aikatar muhalli ta tarayya cikin wa'adin ku ba hukumar kare muhalli ta jihar Bauchi BASEPA kwafi, ku karɓi shaidar an karɓa. Dokar ma'adinai ta 2007 kuma ta ce sai mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da garin kafin ya fara aiki, ana sabunta ta duk shekara 5. Yawanci a wajen nan hankali yakan tafi kan aji biyu da burtsatse da ɗaukar matasa gadi, ba laifi, amma ku sa a rubuta daga ina za su ɗebi ruwa kuma lita nawa a rana, ina za su zubar da na wanki, a riƙa awo tare da wakilanku a wuraren nan da kuka riga kuka zaɓa ana ba ku sakamako a rubuce, kuma in rijiya ta sauka ƙasa da mafi ƙarancin da littafi ya nuna da mita kaza, wa zai kawo ruwa kuma cikin kwana nawa. Bayan an fara aikin awo baya tsayawa, wurare ɗaya lokaci ɗaya hanya ɗaya, kuma kowane mai awo ya koya wa mutum ɗaya da zai riƙe masa in ya yi tafiya ko aikin gona ya danne shi.